Kwanuka Shida da Mudi Ya Bari a Tibiri

Tibiri, Alhamis, 10 ga Yuni 1993, da hantsi.

Na tashi da sauƙin tari, amma gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa, a zaune na yi sallar asuba. Idon dama yana ta ruwa. An nemi in rubuta abin da na faɗa ranar Asabar a Gidan Rumji, wurin sadakar arba'in ta Mudi Garzali, don a buga a raba wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Yau ina jiran baƙo, bari in yi wannan aiki kafin ya iso. Inda aka katse ni, na sa maganar mutane yadda kunnena ya ji.

*

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya ba mu Mudi, shi ne kuma ya karɓi abinsa.

Mai girma shugaban gundumar Gidan Rumji. Wakilin mai martaba Sarkin Gobir. Malam Liman da malaman da ke tare da shi. Ma'aikatan gidan waya, tsofaffi da sababbi. Manjo Inusa, babban ma'aikacin jinya na asibitin garin nan. Masu unguwanni da dattawan ƙauyuka. Mariyama, uwargidan marigayi. Tijjani, babban ɗansa, da ƙannensa. Jama'a maza da mata: assalamu alaikum.

Ku yi mini haƙuri, a zaune zan yi magana. Sunana Haladu, da yawanku Darakta kuka sani. An zaɓe ni don na fi kowa daɗewa da sanin mamacin. Ni na karɓe shi a lakol, wato makarantar boko, a Tibiri a shekarar 1946, yana da shekara takwas, mahaifinsa na riƙe da hannunsa, shi kuma yana waigen keken wani ma'aikaci da aka jingine a gindin bango. Na tambaye shi sunansa sau biyu bai ji ba. Na yi tsammanin shi zai tsaya a kaina ranar da za a kai ni kabari. Allah bai rubuta haka ba.

Ya kasance ɗalibi matsakaici, ba zan yi masa ƙarya ba a gaban malamai. Lissafinsa da dama, rubutunsa kuwa sai shi. Amma ban taɓa ganin ya makara ba, kuma ban taɓa aikensa ya dawo da uzuri ba.

Ya kasance mai kai wasiƙu na gidan waya shekara ashirin da shida. Wa ke nan wurin da bai taɓa karɓar takarda daga hannunsa ba? Ɗanka yana Legas ko Abijan, kai kana ƙauye ba ka iya karatun boko ba, Mudi ne zai jingine keke, ya zauna a tabarmarka, ya karanta maka. In labarin mai nauyi ne, sai ya fara tambayar lafiyar gero da ta dabbobi, ya bari ka zauna da kyau. Ya san asirin gidajenmu fiye da mu, kuma ya tafi da shi kabari.

Ya kasance mai tsere. Matasanmu ba su san wannan ba. A zamaninsa, in an yi tseren keke ranar bikin Jamhuriya, mu mutanen yammacin Maraɗi shi muke fita kallo. Yana da keken tsere mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, tayoyinsa sirara kamar yatsa. Ya taɓa tashi daga Maraɗi ya wuce Agye ya kai Gazawa, ya yi azahar a can, ya juyo. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce: "Malam, an ce mini hanyar ta yi kyau, na je in gani."

Sannan ciwo ya zo. Gyambon ciki ne, kun sani. Ya fara da zafi a ƙirji, ya koma amai, ya koma abin da ba a faɗa a taro. A 1984 ya ajiye jakar wasiƙu, ya rataye keken a rufin zaure. Shekara bakwai muna ganin mutumin da ya san kowane dutsen kilomita na hanyar nan yana zaune a ƙofar gida da hannu a kan ciki. Ya rame, ya rage magana. In mota ta wuce sai ya bi ta da ido har ta ɓace.

Yanzu na zo inda ya sa na yarda in yi magana yau. Mariyama, ki saurare ni. Tijjani, kai ma.

A daminar 1991, lokacin da ake Babban Taron Ƙasa a Yamai, kowa kunnensa na kan rediyo, Mariyama ta shiga mota ta zo har gidana a Tibiri. Ta durƙusa ta ce: "Baba Darakta, ɗalibinka ya sabko da keken nan, tun shekaranjiya yake shafa mishi mai. Ba shi jin maganar kowa sai taka. Don Allah ka hana shi." Na ce mata: "Tashi ki koma gida, ɗiyata. Na hana."

Bayan kwana biyu sai ga Mudi, shi ma a mota. Na fara yi masa faɗa irin na malami, ya sunkuyar da kai har na gama. Sannan ya ce: "Malam, cikin nan in na zauna ciwo, in na kwanta ciwo. To, gara shi yi mini ciwon bisa hanya, ina ganin gari." Na ce ba na son jin wannan. Can ya dubi tsakar gidana, ya ga murhu babu toka sabuwa, ya ce: "In na koma bisa keke, duk Alhamis kana da baƙo."

Jama'a, a lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar matata Saliha. 'Ya'yanmu biyu sun riga ta gidan gaskiya. Sai in yi kwana uku ban yi magana da mutum ba in ba amsa sallama a masallaci ba. Da na ji ya ce duk Alhamis, sai na manta da alkawarin da na yi wa Mariyama. Ko in ce ban manta ba, na ajiye shi gefe. Na ce: "Hau. Amma a hankali."

Mariyama, na san kin daɗe da ganewa, domin tun ranar ba ki sake zuwa gidana ba, gaisuwa kawai kike aikowa. Ban taɓa faɗa miki da bakina ba. Yau na faɗa, a gaban Liman.

Ku bar ni in ba ku labarin abin da ya yi da wannan izini, don ku auna da kanku.

Kafin ya taka feda, wurin manjo Inusa ya fara zuwa, ga shi nan zaune, in na yi kuskure ya gyara. Manjo ya ce masa: babu yaji, babu goro, babu shayi mai ƙarfi, babu soyayye, babu tsami. Kada ya cika ciki, kada kuma ya bar shi wayam. Ya ci kaɗan kaɗan, sau shida a wuni, ya sha maganinsa a kan lokaci. Mudi ya ce: "Manjo, ka bar mini mi?" Manjo ya ce: "Kunu da iska." Ya ce: "To, iskar nan bisa keke ta fi yawa."

Fitarsa ta farko, dutse na biyar ya kai, ciki ya murɗa masa. A amalanken jaki aka dawo da shi, shi da keken, masu shago suna ta yi masa sannu da tsere. Wani ya ce: "Mudi, jakin ne ya zo na ɗaya ko kai?" Ya ce: "Jakin. Ni na biyu." Bayan kwana uku ya sake fita. Ya samu ɗan littafi yana rubuta abin da ya ci, da inda ya kai, da yadda cikin ya yi. Daga nan ya gane cewa bayan sallar asuba cikinsa ya fi kwanciya, cewa in ya kurɓi kunu kowane dutse goma zafin ba ya tasowa, cewa in rana ta take dole ya nemi inuwa ko da gari na gabansa. Akwai makon da ciwon zai kwantar da shi, ya rasa duk ƙarfin da ya tara, ya koma dutse na biyar ya sake farawa. Ban taɓa jin ya kira wannan asara ba. Wata huɗu ya ɗauka kafin ya iya yin kilomita arba'in ɗin da ke tsakanin garin nan da ƙofata. Ranar da ya iso, bai iya sauka ba, sai da na riƙe masa kan keken. Ya ce: "Malam, na makara?" Na ce: "Da wata huɗu."

Ya kasance mutumin da mutane ke murnar gani, kuma a nan matsalar ta taso. Kun san halinmu. Baƙo ba ya wuce ƙofarmu da rana bai ci komai ba, kuma wanda ya mayar mana da abinci ya mayar da mu. Da ƙauyukan kan hanya suka ga Mudi ya dawo bayan shekara bakwai, sai kowane gida ya fito da abin da ya fi so: fura mai citta da barkono, dambu da yaji, tuwo da miyar da ta ji daddawa. Duk abin da manjo ya hana, shi muke miƙa masa da hannu biyu. In ya ci, ya kwanta mako guda. In ya ƙi, ya ɓata wa mutanen da suka ƙaunace shi. Kuma Mudi ba mutum ba ne da zai tsaya a ƙofar gidan wani yana bayanin hanjinsa.

Sai ya je wurin maƙeri ya sa aka ɗora wa keken tseren nan mazauni a baya, da akwatin katako. Tsofaffin abokan tserensa sun yi dariya har da hawaye. Daga nan, duk wanda ya ba shi abinci, sai ya karɓa da godiya ya ce: "Ku rufe mini, in na kai inuwa sai in ci a natse. Kwanon na dawowa mako mai zuwa." Ya ɗaure a akwati ya wuce.

Matan Gidan Sori, matan ƙauyukan hanya, yau zan gaya muku inuwar. Zaurena ne. Duk Alhamis zai kwance kwanuka ya jera a gabana, shi ya buɗe goran kununsa marar tsami, muna ci muna hira. Abin da ya rage in raba da maƙwabta, wani ya kai ni Asabar. In wanke kwanukan, Alhamis ta gaba ya kawo cikakku ya tafi da wankakku.

(A nan Hafsatu ta Gidan Sori ta ɗaga murya daga wajen mata: "Kai, Darakta! Ashe kai ka shanye mini hura shekara biyu? Ni ina ta ƙara barkono don ya ce ta yi daɗi!" Na ce: "Ta yi daɗi, Hafsatu, amma na yi tari." Ta ce: "To, lemun tsamin da muka riƙa samu cikin kwano hwa?" Na ce na bishiyar gidana ne, ba na son kwano ya koma wayam. Ta ce: "La ilaha illallahu. Ina ta yi ma mamaci godiya, ashe rayayye na bina da ita." Mutane suka yi dariya, har Liman. Na dubi wajen Tijjani, kansa na ƙasa.)

Ya kasance mai yi wa jama'a aiki ko bayan ya bar aiki. Da lokacin zaɓe ya zo, ƙauyuka da yawa, masu rabon katin zaɓe kaɗan, Mudi ya kai kansa buro, wato ofishin zaɓe, ya ce a ba shi. Ya san wane Musa ne na gidan maƙera, wane ne na bakin rijiya, abin da takarda ba ta sani ba. Ya zauna da tsofaffi ya nuna musu yadda ake shiga a rufe labule, yadda ake sa takarda a ambulan, ya ce musu babu wanda zai san abin da suka zaɓa, ko mai gari, ko maigida. Kun tuna yadda muka kasance a watannin nan. Jam'iyyu sun shigo, wa da ƙane sun daina cin abinci a kwano ɗaya, ana duba gidan da mutum ya ci tuwo a ce ga inda ya dosa. Kowane ɓangare ya ba Mudi abinci, kowane ɓangare ya yi zaton nasu ne. Ya karɓi na kowa, bai ci na kowa ba. Ni na cinye jam'iyyun nan duka, kuma ina shaida muku, ban iya bambance tuwonsu ba.

Zaɓen shugaban ƙasa ya faɗo cikin azumi da bayansa kaɗan. Malam Liman ya riga ya gaya masa cewa mai ciwo irin nasa Allah ya ɗauke masa. Ya yarda, amma kunya ba ta bar shi ya sha a gaban masu azumi ba. Sai ya sauka daga kwalta, ya tura keken cikin gona, ya ɓuya bayan gawo ya kurɓi kununsa. Ya ce mini wata rana wani Bafillace ya same shi a haka, ya dube shi, ya juya masa baya ya tsaya yana kallon shanunsa har ya gama. Mudi ya ce bai taɓa ganin ladabi irin wannan ba.

Alhamis ta ƙarshe ya zo fuskarsa ta yi fari. Kunun ma kurɓa biyu ya yi. Na ce ya kwana, ya ce Mariyama za ta damu. Na ce ya sa keken a mota, ya yarda, na raka shi da ido har tasha. Ranar Asabar ya yi aman jini a gida, aka kai shi Maraɗi, Litinin Allah ya karɓe shi.

Na tambayi manjo Inusa ranar jana'iza: keken ne? Ya ce ba zai iya rantsuwa cewa keken ne ba, ba zai iya rantsuwa cewa babu hannunsa ba. Ni ma iyakar abin da na sani ke nan. Wataƙila da na cika alkawarina, da yau yana zaune a ƙofar gida da hannu a kan ciki, Mariyama na da miji, yara na da uba. Wataƙila kuma ranar ajali ba ta motsi ko da taki ɗaya, kamar yadda malamai suka koya mana. Abin da na gani da idona shi ne, a watanni ashirin ɗin nan ya yi ƙiba kaɗan, ya koma yin ba'a, ya koma Mudin da muka sani. Amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba. Ranar da na ce masa ya hau, ban san zai zama alheri ba. Kaina na duba.

Mariyama, ɗiyata, ke kika dafa kunun nan kullum kafin asuba, kika tace shi sau biyu, kika cika gora, alhali zuciyarki ba ta so. Duk kilomitar da ya yi, da kununki ya yi ta. Mu mutanen hanyar nan, tun daga nan har Tibiri, muna gode miki. Ni kuma ina roƙon gafararki. Ba sai kin amsa yau ba.

Tijjani, tun ranar jana'iza ba ka miƙo mini hannu ba. Na gani, kuma ban ga laifinka ba. An ce mini ka kulle keken a ɗaki, ka ce kada wanda ya sake taɓa shi. Naka ne, ka yi yadda ka so. Abu ɗaya nake nema. Kwanukan da mahaifinka ya kawo ranar Alhamis ta ƙarshe suna gidana, guda shida, a wanke. Ya ce wa masu su za su dawo mako mai zuwa, kuma a sanina bai taɓa riƙe kwanon kowa ba. Ni ƙafafuna ba su kai ni ko kasuwa, yau ma ɗauko ni aka yi. (Hafsatu ta ce: "Mai shuɗin murfi nawa ne!" Na ce to, saura biyar.) Na ji ranar Juma'a za ka koma wurin kasuwancinka a Gazawa. Ka zo mini ranar Alhamis, a mota ko a babur, yadda ya sauwaƙa. Ka karɓe su ka bi hanya kana tambaya, masu su za su gane kayansu, kuma za su ba ka labarin mahaifinka wanda ni ban sani ba. In ba ka son zama, ba sai ka zauna ba. In ka zauna, ɗan littafinsa na farko yana wurina, wanda ya fara da dutse na biyar.

Ina godiya ga hukuma da masarauta da suka girmama wannan taro. Ina godiya ga manjo Inusa da ya bi mara lafiyarsa da haƙuri, da matan da suka ciyar da tsoho ba su sani ba, da matasan da suka ɗauko ni.

Ya Allah, bawanka Mudi ya isar da saƙon mutane da amana, ka karɓe shi da rahamarka. Ka sa ciwon da ya ɗauka shekara da shekaru ya zama kankarar zunubansa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka shayar da shi abin da babu ciwo a bayansa. Ka ba Mariyama da 'ya'yanta haƙuri, ka tsare musu zumuncinsu. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya a wannan sabuwar tafiya da ta kama. Mu da muka rage, ka yafe mana abin da muka yi don son kanmu, ka sa mu cika da imani. Amin.

*

Bayan magariba.

Na gama kwafewa tun azahar, hannun ya gaji, a gyara inda rubutun ya karkace. Da safe na tsinko lemun tsami, na sa uku uku a kowane kwano, na jera su a zaure, na shimfiɗa tabarma ta biyu. Sau biyu na ji babur ya rage gudu a bakin layi, duka biyun gidan maƙwabta suka shiga. Inuwa ta haye bangon gabas, an kira magariba a masallacin kasuwa. Tijjani bai zo ba.

Na naɗe tabarmar. Kwanukan na bar su inda suke. In na rufe lemun da ɗanyen tsumma, zai kai wata Alhamis.

Haladu, tsohon daraktan lakol, Tibiri.